Kyanwar Da Ladan Ya Ba Da Aro

Malam Ladan yana da shagon hatsi a Kontagora, kuma duk layin babu shagon da ɓera ke tsoro kamar nasa. Dalili kuwa kyanwarsa ce, 'Yar Bangi. Maƙwabta kan are ta kwana uku ko mako guda, kamar yadda ake aron turmi, shi kuma bai taɓa hana kowa ba.

Bayan damina sai ta fara ramewa, bakinta ya yi gyambo, majina ta ƙi tsayawa. Ladan ya kai ta wurin Benjamin, wani likitan dabbobi. Da ya gwada jininta, ya ce ƙwayar cuta ce mai karya garkuwar jikin kyanwa, har ƙaramin ciwo ya iya kayar da ita. Ba ta kama mutum, amma tana bin yawu daga kyanwa zuwa kyanwa, ta cizo, ko lasa, ko cin abinci a kwano ɗaya.

"Za ta iya murmurewa har ka ce ta warke," in ji shi. "Cutar tana nan. Ka tsare ta ita kaɗai."

Ta kuwa murmure. Ladan bai gaya wa kowa ba, don ba ya so a ce shagon abinci na da kyanwa mai cuta.

Ana nan sai ga Adda Salihatu, wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli da ke bayan gidansa. Ta ce ta sayi gyadar shekara ta ajiye, ɓeraye sun sa ta gaba, kyanwarta kuma ta tsufa, 'ya'yan kyanwar uku ba su isa farauta ba.

"Ladan, a ba ni sarauniyar taka ta yi mini mako. Ko sai na kawo sadaki?"

Ya yi dariya. Maganar likita ta zo masa har baki, amma ya ga hana tsohuwa abin kunya ne, faɗin dalili kuma ya fi kunya. Ya sa 'Yar Bangi a kwando ya miƙa mata.

Mako biyu ta yi a can. A kwano ɗaya suke sha da kyanwar Adda da 'ya'yanta, tana lashe ƙananan kamar ita ta haife su.

Kafin watanni biyar ƙananan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, uwar ta kwanta ba ta ko ɗaga kai. Ɓeraye suka samu gida. Buhu huɗu na gyada suka koma ɓawo da kashi, Adda ta daina suya. Ita ma 'Yar Bangi ciwon ya dawo mata, ta mutu.

Da Adda ta ji, sai ta tako har shago, ta zauna a kan wani buhu.

"Ka yafe mini, ɗana. Lafiya lau ka ba ni ita. A gidana ta kwaso cutar."

Sai Ladan ya gaya mata gaskiya. Ba ta zage shi ba. Ta tambaye shi kawai, "Tun ranar ka sani?" Ya ce e. Ta gyara mayafinta ta tafi.

Mai karatu, kyanwar da ke yawan ramewa ko gyambon baki a kai ta wurin likita, idan an ce a ware ta a ware ta. Wanda ya ɓoye cutar dabbarsa don kunya, maƙwabcinsa ne ke ɗaukar asarar.