Suna na Goma Sha Uku

Tela ya riga ya ɗinka suna tara a jikin tutar lokacin da matar ta shiga shagon. Ƙaton ƙyalle ne shuɗi, haruffa farare, kowanne ya kai tafin hannu. Ranar Asabar za a rataye shi a rufin zauren wasa na kwaleji, a karrama 'yan matan da suka ɗauko kofin ƙwallon kwando. Abin da aka rataye can sama kuwa ba a sake sauko da shi.

Ta bi takardar da ke kan keken ɗinki da ido. Suna goma sha biyu. Babu na autarta.

"Malam, akwai sauran wuri a ƙasa," ta ce. "Suna ɗaya zai shiga."

"Wuri kam akwai, Hajiya, amma abin da aka ba ni nake ɗinkawa. Kyaftin ɗin ce 'yarki? Allah sarki. Wannan likita dai ba ta da tausayi."

Ta gyara jakarta ta fita.

Shekara huɗu Auta na ɗauke da ƙungiyar nan a wuya. Wasa goma sha tara suka yi bana, babu wanda ta huta. Saura kwana biyu wasan ƙarshe aka duba lafiyar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda doka ta ce, sai takarda ta fito: zuciyar kyaftin tana tsallake bugu, kada ta sake shiga fili. Ta kalli wasan daga cikin 'yan kallo, da kayan gida. Ƙawayenta suka ci. Ita kuwa doka, da yake ba ta san kowa ba, ta ce sunan wanda ke cikin jerin wasan ƙarshe kaɗai ke hawa tuta.

Yau kwana ashirin da uku ke nan, ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa uwa da 'ya. Gida ya koma kamar ɗakin jira. Idan Auta ta hau bene, uwar takan tsaya a ƙasa ta kasa kunne tana ƙirga numfashinta. Sau ɗaya ta kama hannunta, yatsu biyu suka sauka a wuyan hannun, yarinyar ta fizge kamar ta taɓa wuta.

Daga shagon tela uwar ta nufi ofishin koci. Matar ba ta ko nuna mata kujera ba.

"Ni kike roƙo?" koci ta ce, tana jera lambobin yabo cikin kwali. "Ke kin fi kowa sanin ba daga nan abin ya fito ba. Ki je hukumar wasanni."

Ta je. Ta baro mutane a layi a wurin aikinta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta hau hawa uku, ta zauna a benci har ƙafa ta yi sanyi. Sakataren sabon zuwa ne, mai haƙuri, bai san ta ba. Ya saurare ta har ƙarshe: wasa goma sha tara, shekara huɗu, yatsa da ya taɓa karyewa aka ɗaure ta koma fili. Wallahi ba ta taɓa ƙasƙantar da kanta gaban mutum haka ba, kuma ba ta ji kunya ba.

Ya ciro fayil, ya buɗe takardar gwajin ya juyo mata da ita. Ba ta duba ba.

"Hanya ɗaya ce, Mama," ya ce. "Idan likitar ta rubuto cewa kuskure ta yi, yarinya lafiyarta ƙalau, sai a ɗauka an cire ta ba bisa ƙa'ida ba. Suna ya hau tuta."

"Sannan fa?"

"Sannan shi ke nan, ta koma wasanta. Wata mai zuwa ma akwai gasa." Ya miƙo mata fom. "Layi ɗaya ne da sa hannu. Ki lallaɓa ta, ai ita ma mace ce, wataƙila ta haifa."

"Ba za ta rubuta ba."

"Ki dai gwada."

Fom ɗin ya kwana uku a jakarta. Ta fito da shi a kicin, ta mayar. Ta fito da shi a mota, ta mayar. Auta ta gan shi a kan tebur ranar Juma'a da safe, ta karanta tsaf, ta ɗago ta kalli uwarta, kallon farko cikin mako uku. Biro kawai ta ajiye a gefensa, ta tafi.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Aka kira suna goma sha biyu, aka ja igiya, tuta ta tashi a hankali, da fili shuɗi a ƙasanta wanda ba a rubuta komai a kai ba. Auta na can ɗaya ɓangaren, ta fi kowa tsawo, tana tafa wa ƙawayenta, hawaye na bin kumatunta. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.

Uwar ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta cikin jaka, riƙe da fom ɗin da babu komai a kansa. Zuciyarta ta karye, kuma babu wanda za ta kai wa ƙara. Ta roƙi tela, ta roƙi koci, ta roƙi sakatare. Mutum ɗaya ce ta ƙi jin roƙo, domin ita ce ta ɗora abin awo a ƙirjin 'yar da ta haifa, ta ji abin da ta ji, ta sa hannu.