Fallen Kwano da Bayan Ƙwarya

Nafi'u, saƙonninka duk suna isowa, har na jiya da ka ce a lallashi Babanku a kai shi asibiti a duba ƙafar nan. Mun lallasa, ya ƙi, ƙafar kuwa kumburi take ƙarawa. Ni ban iya dogon bayani ba, amma bari in ba ka wani misali, ka karanta a tsanake.

A wani ƙauye manoma suka haɗu suka gina ɗakin ajiyar iri, ginin kewaye kamar rumbu, sai dai ya fi rumbu girma nesa ba kusa ba. Gero da dawa da waken da za su shuka in damina ta faɗi, duk a ciki suka tara. Saura rufi. Akwai wani ɗan garin da ya karanci zanen gine-gine, yana aiki a birni, sai ya ce a bar masa wannan, shi ne gudummawarsa. Ya zauna gaban kwamfuta ya zana rufi mai kyau, kamar an kife ƙwarya a kan ginin. Ya tura zanen ga masu injin yanka ƙarfe, injin ya yanka kwanon rufin manyan falle huɗu, aka ɗoro a mota aka kawo ƙauye. Shi bai zo ba. Wanda aka ba aikin ɗorawa wani dattijo ne maƙerin kwano, wanda ya shekara talatin yana ƙera bokiti da mazurari da akwatin ƙarfe. Dattijon ya hau, ya aza falle ɗaya a kan katakon da aka tanƙwara, ya danna nan, can ya tashi, ya danna can, nan ya tashi. Ya sauko ya sa aka kira mai zanen a waya, ya ce a gaya masa kwanon ya ƙi kwanciya. Mai zanen ya duba kwamfutarsa, ya ga lissafi daidai, ya aiko cewa a ƙara ƙusa. Aka ƙara. Aka sake kira, ya ce a sa guduma. Dattijon bai so ba, amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane sun matsa masa, sai ya buga. Kwanon ya kwanta ɗin, amma a yamutse, kamar rigar da aka kwana da ita, kuma duk inda ya tattare sai da ya tsage siriri, tsagar da ido ba ya gani daga ƙasa. Ruwan farko da aka yi, ba ma mai yawa ba, ya bi tsagar nan ya sauka. Bayan kwana uku aka buɗe ɗakin, aka tarar buhu biyu na wake sun yi tsiro a cikin buhunsu.

Sai a lokacin mai zanen ya hau mota ya zo. Dattijon bai yi masa faɗa ba, bai ma tada maganar waken ba. Ya shimfiɗa masa tabarma a gindin ginin, ya ba shi ruwa ya sha, sannan ya kife ƙwaryar da aka sha ruwan, ya miƙa masa takarda fara guda. Ya ce, "Ɗana, rufe min bayan ƙwaryar nan da ita, kada ta yamutse." Mai zanen ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa, takardar sai tattarewa take yi a gefe. Dattijon ya karɓa ya naɗe ta, ta zama kamar bututu, sumul. Ya warware ya murɗa ta, ta zama mazurari, sumul. Ya ce abu mai falle haka halinsa yake, takarda ne ko kwano: yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya da daɗin rai, amma in ka ce sai ya lanƙwasu ta fuska biyu a lokaci guda, to ko ya yamutse ko ya tsage. Sannan ya yayyaga takardar sirara-sirara, masu faɗi a ƙasa da tsini a sama, kamar yadda ake yanka kankana, ya jera su a bayan ƙwaryar, kowanne ya kwanta lafiya kusa da ɗan'uwansa. Mai zanen ya daɗe yana shafa ƙwaryar da yatsa. A nan kan tabarmar ya buɗe kwamfutarsa ya sake zanen, dattijon na gefensa yana nuna masa inda za a bar baki don a kalmasa, kowane falle ya riƙe na kusa da shi, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Injin nan dai shi ya sake yankawa, falle ashirin da huɗu, ba wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero. Kwana biyu aka yi ana ɗorawa, ba a ɗaga guduma da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Da ruwan shuka ya sauka, mutane suka shiga da fitila suna duba ƙasa, ko ɗigo babu. Sauran irin ya tsira, aka shuka shi a kan lokaci.

Ka ga, ilimin yaron nan bai yi ƙarya ba, injin ma bai yi ba. Abin da hannunsa ya gane a zama ɗaya, an yi ta faɗa masa a waya bai ji ba. Babanku ma yana da fuskar da yake lanƙwasuwa, mu nan mun danna ta ko'ina, tsoro nake kada mu tsaga shi. Ka nemi izini a wurin aiki, ko na kwana biyu ne, ka zo ka zauna kusa da shi a kan tabarma. Hausawa dai sun riga sun faɗa: zuwa da kai ya fi saƙo.