Fentin Cikin Jirgi

Tunda ka dage ba za ka fito da aikinka ba sai ranar da ya rasa abin kushewa, bari in buga maka misali da wani kafinta na Kaduna, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Kafintan nan, ban da gadaje da kujerun da yake ci da su, yana da wata sha'awa: sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi irin na da, da katako. Sai ya ƙanƙantar da jirgi har ya zauna a tafin hannu biyu, amma komai nasa ya yi daidai da na gasken. Mahaifinsa kuwa tsohon makanikin jiragen soja ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kwance ƙarƙashin wani jirgi mai farfela ɗaya yana ɗaure noti. Da tsufa ya zo sai ciwon ido ya kama shi, irin mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, likita kuma bai ɓoye musu ba, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Tsohon ya roƙi ɗansa abu guda tak, ya sassaƙa masa jirgin nan nasa ya gani tun idon yana aiki.

Gaskiya ɗaya ce, kafinta ya yi aiki. Ya tattaro tsofaffin hotuna a waya, ya gwada tsawon fiffike da tsawon jiki, ya ƙirga sandunan gilashin da ke rufe matuƙi, har layin kusoshin da ke bin fiffike sai da ya ɗiga su da tsinin allura. Kafin damina ta sauka jirgi ya tsaya da ƙafafunsa a kan bencin shago, in ka hura wa farfelar iska sai ta juya. Saura fenti, kuma a nan gizo ke saƙar. Bayan jirgin kore ne, wannan ba gardama. Amma cikinsa fa, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa in yana sama? Hotunan zamanin duk baƙi da fari ne, ba sa faɗin launi. Ya shiga zaurukan masu irin wannan sha'awa a intanet, wani ya rantse shuɗi ne mai haske, wani ya ce ƙarya ne, ruwan toka ne. Ya je ya tambayi tsohon. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ni da na kwanta a ƙarƙashinsa, baƙin mai kawai na gani. Shafa masa ko wanne, ɗana, ka kawo mini."

To, mai hankali ai nan zai tsaya. Shi kuwa gogan naka sai ya ga kamar in ya shafa launin da ba shi ba ne, ya yi wa ubansa ƙarya ke nan. Ya shafa shuɗi, ya kwana yana kallonsa da ido na zargi, gari ya waye ya kankare. Ya shafa toka, ya sake kankarewa. Aka ba shi labarin gawar wani tsohon jirgi da aka yasar a bayan wani gari, ya rufe shago ya hau mota, ya shiga ciyawa yana ɓamɓaro ɓawon fenti da wuƙa, ya tarar rana da ruwa sun cinye launin tun tuni. Ƙanwarsa ta zo shago ta gaya masa Baba ya daina gane mutum sai ya yi magana. Ya ce saura ƙiris. Ta ce ya kai masa haka nan ko da ba fenti, ya ce shi ba ya fitar da aiki tsirara, ya jawo zane ya lulluɓe jirgin. Kada ka ce ba ya son ubansa. Yana sonsa ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Taurin kai ne ya sa rigar ƙauna, shi kansa bai gane shi ba.

Damina ta wuce, wata ta zo, sannan wani ya turo masa hoto mai launi daga gidan adana kayan tarihi na wata ƙasa. Ashe toka ce mai ɗan shuɗi-shuɗi, kowanne cikin masu gardamar ya kama rabin gaskiya. Ya haɗa fenti har ya dace, ya shafa, ya bari ya bushe, ya ɗauko jirgi ya nufi gida yana jin kamar an yi masa sarauta.

Ya sami tsohon zaune a zaure, ya durƙusa ya ɗora masa jirgin a cinya. Tsohon bai sunkuyar da kai ya duba ba. Yatsunsa ne suka bi fiffike, suka taɓa farfela, suka lalubo ƙofar inji, sai ya yi murmushi ya ce shi ne, wallahi shi ne. Ya kifa jirgin, ya shafa cikinsa a hankali, ya ce, "Ya yi santsi. Wane launi ka sa masa?"

A nan kafinta ya gane idon ya riga ya tafi gaba ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.