Farin Awarwaro

Tun da aka kafa dokar, duk mai zaman jinyar ɗan'uwansa a sashen gashin ciwon daji sai ya sa farin awarwaro. Shi ke auna tururin niyutiron mai cutarwa da ke tsiyayowa daga injin gashin. Ranar da ya yi baƙi, an sallame ka.

Sista Kande ta juya hannun Tasalla. "Tun damina kike jingine da ƙofar ɗakin injin nan. Na kowa ya dishe, naki fari fat?"

Tasalla ta sunkuyar da kai. "A gida yake kwana, Sista, sai ranar dubawa nake sawa. In kun kore ni, wa zai riƙa yi wa Baba addu'a yana ji?"

Sista ta sauke ido ƙasa. Cikin Tasalla take kallo, juna biyun da hijabi ya daina ɓoyewa.

A bayan ƙofar, injin ya soma ruri.