Kabari a Gonar Alkama

Washegarin da suka binne 'yarsu, uban ya ɗaura wa dawakai keken kaya. Fara ta cinye alkama, zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Ƙasar Dakota ta Amurka ba ta bar musu komai ba sai ɗakin ƙasa da ciyawa iyakar ganin ido.

"Taso mu koma garinku," ya ce wa matarsa. "Tun zuwanmu kike roƙona. Kin fi ni gaskiya."

Ta daɗe tana duban ɗan gicciyen da ke kan kabarin.

"Kwance dawakan, maigida."

"Ke da kika tsani wurin nan?"

"Har gobe na tsane shi. Amma ran da Yesu zai tashe ta, ba na so ta farka ba kowa. Ka san ta da tsoro."