Kalangu a Bayan Mayanka

Tun da aka hana kiɗan hannu, ranar suna ake dasa wa jariri 'yar ƙwayar na'ura a bayan kunne, ta yi ta kaɗa masa nasa kiɗan. Wanda tasa ta mutu, ko ƙofar gidansu ba ta buɗe masa. Barira ta shekara sha shida da tata.

Ran nan da hantsi innarta ta aike ta mayanka sayen kayan ciki. A bayan rumfar fatu ta tarar da wani tsoho da kalangu a hammata.

"'Yar gidan wa?" in ji shi.

"Jikar Tanko mahauci, Baba."

"Tanko mai rowar tsoka? Wuce abinki, yarinya. In na kaɗa taken kakanki, abin nan na kunnenki ya gama magana."

Ta ajiye kwano. "Kaɗa."

Ya matse kalangun ya fara. Kiɗan kaushi gare shi, har da kuskure, amma a ƙirji ta ji shi, kafaɗunta suka motsa da kansu. Ƙwayar ta yi shiru.

Da ta fito titi ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Duk kasuwar, babba da yaro, ƙafafunsu tare suke sauka, dim, dim, kowa na zaton kiɗansa daban. Ga innarta a cikinsu, ta biyo sawunta.

Innar ta dubi ƙafafun 'yarta, ta ga sun saɓa da takun, ta kawar da kai, ta wuce a kan takun. Barira ta juya ta koma rumfar fatu.