Jan Biro a Kan Wasiƙar Gida

Tunda kai ma yanzu an damƙa maka aji da jan biro, zauna in ba ka misalin wani malamin Turanci da aka yi a wata makarantar kwana, tun zamanin da saƙo ba ya tafiya sai a aljihun direba. Shekara ashirin da shida mutumin nan ya yi yana kiwon ƙananan kalmomi uku na Turawa, "a" da "an" da "the", kamar yadda makiyayi ke kiwon shanunsa. Biyun farko, in ji shi, na abin da ba a tantance ba ne: wata akuya, kowace akuya. Ta ukun kuwa ta abin da ni da kai muka riga muka sani ce: akuyar nan da ta cinye mana shanya jiya. Darasin ke nan fa, ana gama shi kafin shayi ya huce, amma shi ya mai da shi aikin rayuwa. Ana cewa in ya bi ta bayan aji, ta taga yake jiyo warin inda aka tsallake "the". Ana kuma cewa ya taɓa tare babbar mota a tsakiyar titi don ya gyara rubutun da ke bayanta. Ni dai ban gani ba, amma na san wanda ya san direban. Yadda yake duba takardun ɗalibai ma abin kallo ne. Sai ya naɗe kan takardar don kada ya ga sunan mai ita sani ya sa shi sassauci, sannan ya saki biro a kan layi yana tsince ƙananan kalmomin nan kamar kaza a bakin turmi. Takarda sittin yake gamawa tsakanin azahar da la'asar, in ka tambaye shi me yaran suka rubuta sai ya ce shi ba labari ya zo ji ba.

To, yana da tsohuwa a ƙauye, tafiyar rabin yini, tana zaune da ƙanwarsa. Damina biyu rabonsa da tsohuwar. Kullum sai bayan jarrabawa, ita kuwa jarrabawa ba ta rasa ƙanwa. Da ciwo ya kwantar da tsohuwar, ƙanwar ta je wurin wani tsohon soja da ke rubuta wa mutanen garin wasiƙa, ta kafe sai da Turanci, don ta san yayanta ba ya ganin girman takardar da ba ta zo da shi ba. Tsohon soja ya yago falle daga littafin rubutu, ya zuba Turancinsa na bariki iya ƙarfinsa. Direba ya ba mai gadi, mai gadi ya tarar malam yana aji, ya ɗora masa a kan tarin takardun da ke tebur. Makon nan kuwa aikin da malam ya ba ɗalibai shi ne kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa. Bayan azahar ya zauna, wasiƙar ce ta farko a hannunsa. Ya naɗe kanta, ya saki biro. Ya zagaye wuri goma sha ɗaya da ja, ya bi ta kan sunan uwarsa bai tsaya ba, domin suna ba ya ɗaukar ko ɗaya cikin ukun nan, balle ya ja hankalinsa. Ya ba ta maki uku cikin ashirin, ya yi tsaki, ya rubuta a ƙasa abin da ya saba rubuta wa dolaye: mai takardar nan ya zo ya same ni. Sai bayan kwana tara ya raba wa aji takardunsu, kowa ya karɓi tasa, ɗaya ta rage a hannunsa ba mai ita. Ya tambaya sau biyu, shiru. Nan a gaban allo ya buɗe ninkin, ya yi abin da ya manta yadda ake yi: ya karanta daga farko zuwa ƙarshe. Layi shida ne kacal, kuma duk da raunin Turancin ba inda bai gane ba.

Ya isa ƙauyen ya tarar ana naɗe tabarmin zaman makoki. Ƙanwar ba ta yi masa faɗa ba. Ta kai shi ɗakin, ta nuna masa gadon, wanda yake tsaye a karkace ba inda ya san shi ba. Ta ce tun ranar da aka aika wasiƙar tsohuwa ta sa aka juya mata shi ya fuskanci ƙofa, duk ƙarar motar da ta ji sai ta sa a gyara mata kallabi. Sannan ta tambaye shi ko direba ne ya ɓatar da saƙon. Da ya ce e, da shi ke nan. Amma ya zaro takardar ya miƙa mata. Ita ba ta iya karatu ba, ja kawai ta gani ya cika falle, ta bi zagayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Yaya," in ji ta, "ashe har amsa ka rubuto mana. Me ka ce?" Ya juya yana kallon ƙofar da gadon ke fuskanta.

Ya koma bakin aikinsa, kuma har ya ajiye alli ba wanda ya fi shi sanin inda ake sa "the". Kai ma ka koya musu, ba laifi, abin sani ne. Amma kafin ka cire murfin biron, ka fara jin abin da takardar ke faɗa, don Hausawa sun riga sun gama magana: garin gyaran gira a rasa ido.